Dogon hutu ya kusa ƙarewa, yarinyata za ta fara nazare, ta ina zan fara shirya ta?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa iyaye, don Allah shawara nake nema. Yarinyata ta fari shekararta huɗu, in Allah ya kai mu ƙarshen wannan dogon hutun za ta fara zuwa nazare, ƙaninta kuma shekararsa ɗaya da rabi yana gida tare da ni. Tunda aka shiga hutun nan gidan ya cika, 'ya'yan yayata suna wurinmu, duk wani tsari da muke da shi ya rushe, zafi ba ya barin a fita sai da yamma, su yi ta wasa da ruwa a baho, su kwanta baccin rana har yamma ta yi sosai, da dare kuma ido biyu har ƙarfe sha ɗaya, gari ya waye ba mai motsi kafin tara. Ni dai gaskiya ina jin daɗin ganin su haka, dariyarsu kaɗai ta ishe ni, amma in na tuna saura kamar sati uku a ce ƙarfe bakwai da rabi tana bakin get da jaka a baya sai gabana ya faɗi.

Babanta ya sayo littattafan koyon rubutu ya ce kullum in zaunar da ita awa ɗaya ta koyi ABCD da ƙirga, wai kar ta je ta zama ta baya a aji. Ita kuma da ta ga fensir sai hawaye, a dunƙule ma take riƙe shi. Ga ƙiwa, ba ta taɓa wuni wani wuri ba tare da ni ba, ko banɗaki na shiga tana bakin ƙofa tana bugawa. Maƙwabciyata ta ce ranar farko in bari ta shagala da wasa in sulale kar ta gan ni, haka ta yi wa nata, amma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Ku da kuka riga mu me kuka yi? In bar su su ci hutunsu ne ko in fara takura mata tun yanzu?

Malama Hauwa:

Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya raya mana su. Ni malamar ƙananan aji ce, 'yan shekara uku zuwa biyar nake riƙewa, bari in faɗa miki abin da nake gani da idona duk farkon zango. Ki ba Baban Ilham haƙuri ya ajiye littattafan nan tukuna. Wallahi ABCD ba ta cikin abin da ke ba mu wahala, aikinmu ne, don shi ake kawo mana su. Yaron da ke ba ni tausayi a satin farko shi ne wanda fitsari ya matse shi amma bai san yadda zai buɗe baki ya ce Anti zan yi fitsari ba, sai ki hango shi a lungu yana matse ƙafa yana kallon ƙasa, kafin ki ƙarasa wurinsa ya jiƙe, sauran yara su sa dariya, gobe ya ce shi ba zai zo ba, iyaye kuma su ɗauka dukansa aka yi. Ko wadda aka zuba wa abinci a roba mai murfin da ya fi ƙarfin yatsunta, malama ɗaya ga yara sun kewaye ta kowa na miƙo tasa, ita mai kunya ba za ta miƙo ba, a tashi ta koma gida da abincinta yadda aka zuba shi, da yunwa ta wuni ba wanda ya sani.

To irin waɗannan za ki sa a gaba a sati ukun nan. Ta iya sauke wandonta ta mayar da kanta, ta wanke hannu da sabulu, ta buɗe gorar ruwanta ta rufe, ta san cikakken sunanta da naki, ta gane jakarta cikin jakunkuna. Takalmi ki nemo mata mai mannewa, kar ki sayi mai igiya. Tun yanzu ki riƙa zuba mata abincin rana a robar makarantar ta ci daga ciki a gida, a wurinta wasa ne, ke kuma kina ganin inda take maƙalewa.

Maganar fensir kuwa yatsun ne ba su yi ƙwari ba tukuna, kuma ba zaman tebur ke ƙarfafa su ba, ki bar ta ta murza laka, ta yaga takarda ƙanana ƙanana, ta ɓalle maɓallin rigarta, ta ja zif, ta yi ta zane da fensir mai kala mai kauri yadda ta ga dama. Awa ɗaya a zaune ya yi wa 'yar shekara huɗu yawa, mu kanmu a aji 'yan mintuna ne muke canza abin yi, in aka matsa mata yanzu abin da za ta koya kawai shi ne karatu abin kuka ne, kuma wannan ya fi rashin sanin A wuyar gyarawa.

Sai maganar sulalewa, don girman Allah kar ki yi. Na san maƙwabciyar taki da kyakkyawar niyya ta faɗa, ita ba ta ga kukan ba shi ya sa take ganin ya yi aiki, ni ce nake cikin ajin lokacin da yaron zai ɗago kai ya nemi uwarsa ya rasa. Abin da ya fahimta shi ne Mama tana iya ɓacewa duk lokacin da na ɗauke ido, to gobe ba zai ɗauke idon ba, ba zai taɓa kayan wasa ba, zai riƙe zanenki da hannu biyu. Lokacin da muke karatun koyarwa an karantar da mu aikin John Bowlby, wani likita ɗan Ingila, da Mary Ainsworth da ta yi aiki tare da shi, abin da suka nuna shi ne yaro yana samun ƙarfin zuciyar yin nisa ya bincika sabon wuri ne in ya amince wanda ke kula da shi yana nan kuma zai dawo. Kukan rabuwa ba shagwaɓa ba ce, kar wani ya ce miki kin ɓata ta. Ki durƙusa daidai tsayinta ki ce zan tafi, in kun ci abinci kun yi wasa a waje zan dawo in ɗauke ki, kar ki ce ƙarfe sha biyu don ba ta san agogo ba. Ki rungume ta, ki damƙa hannunta a hannun malama, ki juya ki tafi ko tana ihu, kar ki dawo kina leƙen taga. Yawancinsu kafin uwa ta yi nisa sun yi shiru. Amma ranar ki riga kowa zuwa ɗaukarta, alkawarin nan shi ne komai.

Baban Sadik:

Malama ta gama magana, ni ɓangaren maigidan naki zan taɓa don na fahimci tsoronsa, duk uba yana jin haka in ya ga ɗan wani yana karanta haruffa nasa bai fara ba. Kar ki ce masa ya yi kuskure, ki nuna masa wannan. Mutumin da ya kafa irin wannan makarantar ta ƙananan yara tun asali, Friedrich Froebel, a wani ƙaramin gari ne a Jamus mai suna Bad Blankenburg, ya buɗe ta a 1837 ya raɗa mata suna Kindergarten, wato lambun yara, a 1840, kuma abin da ke cikinta waƙoƙi ne da ƙwallaye da 'yan katakai na gini da ɗan lambu da yara ke shuka a ciki. Maria Montessori da ta buɗe nata gidan yaran a Rum a 1907, cikin abubuwan da ta fi ba muhimmanci har da yaro ya iya zuba ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan, ya share inda ya ɓata, ya ɓalle maɓalli, daidai da abin da Malama ta lissafa. A Finland ma sai shekara bakwai ake shiga firamare kuma ba a san su da koma baya a karatu ba.

Amma fa ba na cewa a bar yara sakaka da waya a hannu a ce ai wasa suke. A nan ne hutu ya fi cutar da su, zafi ya hana fita sai a kunna katun tun safe don a samu shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019, ta ce 'yan shekara 2 zuwa 4 kar zaman kallon allo ya wuce awa 1 a rana, ƙasa da haka ma ya fi, ɗan shekara ɗaya kuma ba a so ya yi gaba ɗaya, to ƙanin Ilham yana cikin waɗannan. Sannan su samu aƙalla minti 180 suna motsa jiki a wuni, guje guje da tsalle tsalle da hawa da sauka duk a ciki.

Ki ba Baban aikin da zai ji yana cikin shirin. In rana ta yi sanyi ya kama hannunta su bi hanyar makarantar, ya nuna mata get ɗin, ga inda za a sauke ki, ga inda Mama za ta tsaya ta jira ki. A hanya su ƙirga jajayen motoci, su ƙirga matakala. Nawa yaron a wurin jera cokula ya koyi ƙirga, mu nawa ne a gidan, to kawo cokali ɗai ɗai na kowa, sai ka ga ya tsaya yana nuna mu da yatsa yana motsa baki, in ya kawo da ragi ya koma da gudu ya ƙaro. Wannan ya fi rera ɗaya biyu uku har ɗari ba a san me ake ƙirgawa ba. Da dare kuma ya karanta mata labari ta riƙa juya shafin da kanta, ya tsaya ya tambaye ta me kike gani zai faru. In ya dage sai an yi harafi, a fara da harafin farko na sunanta, shi kaɗai, ta riƙa nemo shi a jikin kwali da allunan hanya.

Abu ɗaya da zan ƙara, makarantu sun bambanta, akwai masu fara rubutu da wuri. Ku je ku tambaya kai tsaye me suke so yaro ya zo da shi, kar ku yi ta hasashe a gida.

Anti Nas:

Maman Ilham ni baccin nan ne ya fi tsaya min, don shi kaɗai ne ba a gyarawa a dare ɗaya. 'Yar shekara huɗu tana buƙatar awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya har da na rana. Yanzu tana tashi tara, kina so ta koma shida da rabi, tazarar awa biyu da rabi ke nan, minti 150. In kina rage minti 15 duk bayan kwana biyu, kwana 20 za ki ci, kin ga ke nan yau ya kamata ki fara ba gobe ba. Kuma daga safiya ake kamawa, in kika kwantar da yarinyar da ba ta jin bacci ƙarfe takwas rigima kawai za ku yi. Ki tashe ta da wuri kaɗan, ki buɗe labule haske ya shigo, hasken safe ne ke saita agogon jiki, baccin rana kar ya wuce ƙarfe uku, da dare a kashe talabijin da waya kamar awa ɗaya kafin kwanciya a rage hasken ɗaki, dare zai matso da kansa. Duk yaran gidan za ki sa a tsarin har da na yayarki, ba za ta kwanta tana jin ana dariya a falo ba.

Sannan ki shirya wa mura. Ƙananan yara kan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, wanda ya fara shiga cikin yara yakan fi haka, kuma za ta kawo wa ƙaninta. Ba lallai laifin makarantar ba ne, jikinta ne ke haɗuwa da sabbin ƙwayoyin cuta. Yawancinta bairos ne, antibayotik ba ya yi mata komai, kar a saya a ba ta haka kawai. Amma in numfashi na yi mata wuya, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko ta ƙi shan ruwa, asibiti kai tsaye. Ki duba katin riga-kafinsu su biyun tun yanzu, musamman ta ƙyanda, sau biyu ake yin ta. Wankin hannu da sabulu kamar daƙiƙa 20, ku riƙa yi tare kuna 'yar waƙa.

Sai bahon nan da kika ambata, shi ya sa ma na kasa wucewa ban yi magana ba. 'Yan shekara 1 zuwa 4 su suka fi kowa mutuwa ta nutsewa a ruwa, kuma ba sai a kogi ba. Ɗan shekara ɗaya da rabi kansa ya yi wa jikinsa nauyi, in ya leƙa bokiti ya kifa ba ya iya ɗagowa, ruwa kaɗan ya isa, kuma ba ihu ba fantsama, shiru ne. Kar ki bar wa manyan yaran tsaronsa, su ma yara ne. In ana wasan ruwa babba ya kasance inda hannunsa zai kai gare shi, waya a ajiye, in an gama a zubar a kife bahon nan take. Haka mota, ko na minti biyu kar a bar yaro a ciki da zafin nan, ko an sauke gilas.

Hajiya Ummi:

'Yata ki kwantar da hankalinki, ni na aurar na kuma riƙe jikoki, duk sun wuce ta nan. Na yarda da maganar bacci amma ban da ita kar ki mayar da sauran hutun nan sansanin horo. 'Ya'yan yayarki da kike ganin sun rusa miki tsari su ne babban shirin makarantar, a cikinsu take koyon jiran layi, a ƙwace mata abu ta yi kuka ta karɓo, a yi faɗa a shirya, abin da za ta tarar a aji ke nan. Ki bar su su yi datti su gaji.

Ƙiwar kuma a hankali ake yaye ta. Ki bar ta wurin yayar taki ko wata da ta saba da ita, ki yi mata sallama ido da ido, ki fita ɗan lokaci kaɗan ki dawo daidai yadda kika ce, in kin shigo ki ce kin gani na ce zan dawo kuma na dawo. Wani karon ki ɗan ƙara daɗewa. Kafin ranar ta zo ta riga ta san yadda abin yake tafiya.

Ki kuma ja kunnen duk wanda ke gidan, kar in ji an ce in ba ki bari ba za a kai ki makaranta Malama ta zane ki. Manya suna faɗar wannan ba su san ɓarnar da suke yi ba, ki tsorata yarinya da mutum wata guda sannan ki kai ta ki ce ga Antinki ki zauna da ita, ta yaya? Kar kuma a cika zuzutawa kullum ana makaranta akwai daɗi makaranta akwai daɗi, ki faɗa mata abin da zai faru kawai, za ku yi waƙa, za ku ci abinci, wani lokacin za ki yi kewata kuma ba komai.

Abin da ba a faɗa wa sabbin iyaye shi ne dawowa. Malama za ta ce miki lafiya lau ta wuni, ki kawo ta gida ta zube a ƙasa tana birgima don kin cire mata safa. Ta wuni tana daurewa a cikin baƙi ne, wurinki kaɗai za ta iya saukewa. Ki ba ta ruwa da abin taɓawa, ki rungume ta, kar ki tare ta da me aka koya muku yau. Kuma ki lura, tana sane ƙaninta na gida yana shan Mama shi kaɗai, kishin nan zai fito, wataƙila ta koma maganar jarirai ko ta yi fitsarin kwance, kar ki yi mata faɗa, ki ware mata ɗan lokaci nata ita kaɗai in ya yi bacci.

Maman Ilham:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Anti Nas jikina ya yi sanyi da maganar bahon, yau ɗin nan zan yi wa kowa magana. Babanta ya karanta, ya ce ya ɗauki aikin zagayen yamma da labarin dare. Malama tambaya ɗaya, na kira makarantar sun ce iyaye ba sa wuce get ko ranar farko, a nan ake karɓar yara. Ni da na so in raka ta har aji in ɗan zauna, wannan dokar daidai ce kuwa?

Malama Hauwa:

Kowace makaranta da tsarinta. A Jamus akwai wanda ake kira tsarin Berlin, wuraren reno da yawa suna bi, kwana uku na farko uwa ko uba na zaune a gefe cikin ɗakin na awa ɗaya ko biyu ba a rabuwa sam, rana ta huɗu a gwada rabuwa ta ɗan lokaci, in malama ta iya lallashin yaron a riƙa ƙarawa, in ba ta iya ba a jinkirta. Asali don 'yan ƙasa da shekara uku aka tsara shi, ni a ra'ayina ya fi tausayi, amma ina fahimtar masu tsayar da iyaye a get, in uwa ɗaya ta shiga ta zauna duk yaran da nasu suka tafi sai su ɓarke da sabon kuka, ga kuma maganar tsaro. 'Yar shekara huɗu za ta iya in an shirya ta.

Abin da za ki roƙa shi ne ziyara kafin a buɗe, malamai kan dawo kwanaki kafin yara don gyaran aji. Ki kai ta ta ga malamarta ta ji sunanta, ta ga inda za ta rataye jaka, a nuna mata banɗaki ta shiga ta gwada, wannan kar ki manta da shi don baƙon banɗaki na tsorata su sosai. Ki tambaya wa ke karɓar yara a get, in zai yiwu malamar ajinta ce ta karɓe ta a satin farko. Ki faɗa wa malamar kalmar da Ilham ke amfani da ita in tana jin fitsari ko kashi, da abin da ke sa ta yi shiru in tana kuka. A jakarta ki sa kayan canji cikakke har da wando biyu a leda, ki rubuta sunanta a jikin komai, gora da murfinta, roba, takalmi ƙafa biyu. In suna bari ki sa mata ɗan hankicinki ko ƙaramin hotonku a aljihun jakar.

Kar ki yi mamaki in ranar farko ta shige da murna sai a rana ta uku ko Litinin ta biyu kukan ya fara, lokacin ne ta gane abin kullum ne, ki ci gaba da kai ta kar ki ce bari ta huta yau. Amma in an kusa wata guda tana wuni tana kuka ba ta ci ba ta wasa, ko tana firgita da dare, ko ta ambaci wani abu ko wani mutum da take tsoro, ki nemi zama da malamar da shugabar makarantar, ki tambaye su dalla dalla yadda wuninta ke tafiya daga shigarta har fitarta.